Ƙorafin Gwaggo na Ƙarshe

Da hantsi suka iso, ranar da aka kai Gwaggo makwancinta. Muna zaune a tsakar gidan da ta daɗe tana haya a unguwar Arras, mata cike har bakin famfo, kowa da carbi a hannu, ba abin da ke tashi sai "Allah ya jiƙanta" da "ya ƙarin haƙuri". Sai muka ji takun mutane da yawa daga waje. Mata ne, sun fi talatin, zanensu iri ɗaya, shuɗi mai ɗigon fari. Wasu da gicciye a wuya, wasu sun yafa mayafi a kan ankon. Suka shigo a jere, kowace ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Yako, Mama, yako." Haka mutanen ƙasar nan suke gaisuwar mutuwa.

Wata dattijuwa cikin danginmu ta matso kusa da kunnen Inna, sai dai muryarta ba ta iya raɗa ba.

"Anko a gidan mutuwa? Biki suka zo?"

Inna ta ce, "Ƙyale su, Hajiya. Mutanenta ne."

Wadda ta shige musu gaba doguwa ce, 'yar ƙabilar Bawule, Kirista, mun taso muna kiranta Tanti. Ita ba ta zauna ba. Ta wuce har ƙofar ɗakin Gwaggo, ta tuɓe takalmi, ta tsaya tana kallon katifar da aka naɗe. Can ta ce da harshen Jula, da ƙarfi, kamar mai ɗakin tana ciki:

"Delege, haka ake yi? Kin tafi ba ki sanar da kwamiti ba?"

Matan nan suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, har dattijuwar da ta yi ƙorafin anko na ga tana share ido da bakin mayafi.

Kafin azahar wani labari ya shigo gidan, ya bi kunne ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Ƙanen Inna ne ya kawo shi daga wurin jana'iza. Bayan an yi wa gawa salla, Liman ya ce, "Jama'a, a yafe mata." Sahu ya amsa, "Mun yafe." Liman ya juyo wajen Baba, tunda shi kaɗai ya rage mata a duniya wanda suka fito ciki ɗaya, ya ce, "Alhaji, kai fa?" Baba ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Bai ƙara komai ba. Aka ɗauki Gwaggo aka tafi da ita, ƙanenta bai ce ya yafe ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A cikin mutanenmu akwai waɗanda ba su san komai game da ita ba sai cewa ita ce matar da ta tona wa ɗan'uwanta asiri. Ina so a san sauran.

Mu gidan 'yan kasuwa ne. Tun da kakanmu ya sauko daga Nijar, ba a san wani namu da aikin albashi ba. Baba yana da shagon albasa da tsofaffin buhuna a kasuwar Adjamé. Da mijin Gwaggo ya rasu, ba ta da ɗa a raye, Baba ya ware mata ɗaki a gidanmu ya ce zai kafa mata tebur a kasuwa. Ta ce, "Auta, na gode, amma ni ban iya kiran mai saye ba." Auta take ce masa, har bayan ya je Makka ya dawo da furfura. Ta nemi aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, inda mata ke ɗinke buhunan algarara da suka yage, a mayar da su ƙauyuka a zubo 'ya'yan koko, wanda ake yin cakulan da shi. A nan ta tsufa.

Idan na rufe ido, warin algarara nake fara ji kafin in ga fuskarta. Yana cikin zanenta, yana cikin matashin kanta. Tafin hannunta kamar ƙasan takalmi, amma idan tana yi mini kitso ba na jin zafi. Basillarta kullum a soke take a ɗankwali, ko masallaci za ta. Ina ƙarama, idan na kwana biyu a wurinta, da safe takan saya mini garba, wato dambun rogo mai kifi, a bakin hanya, mu zauna a dakali muna ci. Jirgin ruwa ya yi kuka daga tasha, in tambaye ta ina za shi. Sai ta ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Na dai san duk abin da ya ɗauka, hannun wata ya taɓa shi."

Ma'aikatan siton suna cikin ƙungiyar ƙwadago, wadda a nan ake kira sandika. Uwar ƙungiyar tana da ofis a Adjamé, da maza masu jakar takardu da suka san doka. Amma kowane wurin aiki yana da nasa kwamitin, wanda ma'aikata ke zaɓa daga cikinsu ta hanyar ɗaga hannu. Na su Gwaggo mata biyar ne, ita ce babbarsu, shi ya sa suke ce mata Delege, wato wakiliya. Aikinsu su ji kukan mata, su kai wa shef, wato shugaban sito, su dawo da amsa. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura Adjamé.

Gwaggo ba ta yi boko ba. Faransancinta na kasuwa ne, shef da ɗan dako duk "kai" take ce musu. Ofishinta bakin famfo ne. Lokacin hutun rana takan daɗe tana wanke hannu, ta wanke ta sake wankewa, don ta san mai damuwa ba za ta yi magana a taro ba, amma za ta yi a gefen ruwa. A nan ta ji cewa wata mai ciki tana suma saboda zafin ƙuryar sito, aka dawo da ita bakin ƙofa. A nan ta gane wata tsohuwa idonta ya fara dushewa, tana ɓoyewa don kar a sallame ta. Kwamiti ya shiga wurin shef ya ce ɗinki zai fi sauri idan aka ware mutum ɗaya yana yanka wa sauran igiya daidai tsawo. Shef ya yarda, har yana yabon dabarar. Tsohuwar nan ta ƙara shekaru tana yankan igiya, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Su ne kuma suka shirya cewa idan aiki ya matse, Kiristoci su riƙe yammacin Juma'a, Musulmi su riƙe Lahadi.

Tana da ƙa'ida biyu da kowa ya haddace. Ta farko, ba a shiga ofishin shef mutum ɗaya. "Idan ke kaɗai ce, za a ba ki kujera da ruwan sanyi, ki fito kin manta abin da ya kai ki. Idan ku uku ne, kujerun ba za su isa ba." Ta biyu, duk amsar da aka samu, mai daɗi ko marar daɗi, a gaban kowa ake faɗinta, a ranar.

Tanti ta taɓa ba ni labarin wani sakatare da ya zo daga uwar ƙungiya, ya yi musu dogon jawabi kan haƙƙin ma'aikaci a duniya. Gwaggo ta bar shi har ya gama, sannan ta zare basilla daga ɗankwali ta miƙa masa da buhu. Ya yi ɗinki uku ya soke yatsa. Ta ce, "To, ɗana, yanzu rubuta wannan." Amma ba raina su take yi ba. Idan wata ta ce mutanen Adjamé ba su da amfani, sai ta ce, "Ba don hatiminsu ba, shef ba zai buɗe mana ƙofa ba. Su ma ba don mu ba, ba su san ƙofar da za su buga ba."

Rigimarta da Baba ta faru ina ajin ƙarshe na firamare. Baba ya samu kwangilar kai wa siton nan tsofaffin buhuna. Wani zubi da ya saya da araha, ashe an taɓa zuba maganin ƙwari na gona a cikinsu. Bai sani ba lokacin da ya saya, wannan gaskiya ne, Gwaggo da kanta ta sha faɗa. Ranar da aka kwance ɗaurin farko, idon mata ya fara ruwa, hannu yana ƙaiƙayi. Gwaggo ta shinshina buhu ɗaya, ta juya kunnensa, ta ga jan layi uku. Alamar shagon Baba ce.

A nan ta yi kuskuren da ta ce ba ta taɓa yin irinsa ba. Ba ta gaya wa kwamiti ba. Da aka tashi aiki ta hau mota ta haye gada, ita kaɗai, ta sami Baba a shago. Ya ba ta kujera, ya aika aka kawo mata ruwan sanyi. Ya ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. Kwana uku kawai, in samo wasu in musanya, ba wanda zai ji." Ta dubi ƙanenta, ta ce to.

Washegari mata suka tambaye ta, ta ce ana bincike. Aka ci gaba da ɗinki. Tanti ta fi kowa sauri, don haka ta fi kowa taɓa buhunan. A kwana na uku fatar hannunta ta saluɓe, yatsun suka kumbura suka fashe. Biyu daga ciki har yau ba sa lanƙwasuwa. A kwana na huɗu Baba bai kawo komai ba.

Gwaggo ta hau kan tarin buhuna da safe, kafin a fara aiki. Ta ce, "Buhunan nan na ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta kira sunansa, ta faɗi layin da shagonsa yake. Ta ce, "Tun ranar farko na sani. Na tafi ni kaɗai, na dawo na yi muku ƙarya. Ku sauke ni, ku zaɓi wata."

Aka ce duk wadda ke son Delege ta ci gaba da riƙe muƙaminta ta ɗaga hannu. Ba wadda ta motsa. Kowa Tanti take kallo, tana zaune a gefe, hannayenta a naɗe da bandeji kamar dunƙulen fura. Ta daɗe tana kallon Gwaggo. Sannan ta ɗaga su duka biyu.

"Na ɗaga ne don ki zauna ki gyara," in ji ta. "Ba don na huce ba."

A ranar aka daina taɓa buhunan. Mata uku suka shiga wurin shef, aka aika takarda Adjamé da sunan Baba a ciki. Kwangila ta mutu. Ba asarar ce ta fi ci wa Baba rai ba. Maganar ta zaga kasuwa, ta shiga masallaci, mutanen da suka san kakanmu suna nuna shi da baki. Na ji shi yana ce wa Inna, "Da ta zo gida ta mare ni a gaban 'ya'yana, da na ɗauka. Amma ta hau kan buhu ta kira sunan ubanmu a gaban baƙi." Ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka ɗakinta ba.

Shekara tara bai taka ba. Duk Salla yakan ba mu shinkafa da cinyar rago mu kai mata, ba saƙo. Ita kuma ta karɓa ta ce, "Ku gaida Auta." Mu isar, ya ce, "Uhm." Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana nadama. Tana tsefe mini kai, ta ce, "Ta kwana ukun nan, kullum. Ta kwana na huɗu, ko sau ɗaya." Sannan ta ce, "Amma kin san na goya shi? Nauyi gare shi, ga kuka." Ko da ta kwanta ciwon da ya zama ajalinta, Baba ne ya aiko motar da ta kai ta asibiti, ya zo ya tsaya a baranda yana tambayar likita, ya koma bai leƙa ba. Kwanakin zaman makoki ma a rumfar maza ya yi su, a waje.

Ana gobe addu'ar bakwai, Tanti ta kira ni gefe.

"Ɗiyata, an ce babanki ya sauya shago. Za ki kai mu?"

Su uku ne, duk 'yan kwamiti. Na kasa cewa a'a. Muka shiga woro-woro, ƙaramar motar haya, muka haye gada, ruwan tafki yana ƙyalli a ƙasa. Muka tarar da Baba a tsakanin tarin albasa yana duba wadda ta fara ruɓa. Ya ga matan, ya gan ni, fuskarsa ta rufe. Da Jula suka yi maganar, harshen da shi da su duka suke ji.

Tanti ta ce, "Alhaji, yako. Mun zo da ƙorafi."

"Ni ba shef ɗinku ba ne."

"Mai ƙorafin tamu ce."

Ta gaya masa cewa sati uku kafin rasuwar, Gwaggo ta tara kwamiti a bakin gadonta. Ta ce ta ɗauki kukan kowa tsawon rayuwarta, ba ta taɓa kawo nata ba, yau ga shi. Ba ta neman Auta ya ce ta yi daidai. Ta san ta ƙona masa rai, tana so ya yafe mata wannan ƙunar. Ta ce su je su uku su karɓo mata amsa.

"Sai muka ce bari ta ɗan ji sauƙi tukuna," in ji Tanti. "Muka yi jinkiri. Wannan laifinmu ne, mun ɗauka."

Baba ya ajiye albasar da ke hannunsa. "To yanzu wa za ku kai wa amsar? Tana ƙasa."

"Mu dai an ba mu, kuma ba mu taɓa ajiye ƙorafi ba amsa ba. Ka ce e, ko ka ce a'a. Yadda ka faɗa haka za mu kai wa mata."

Wani mai saye ya leƙo yana tambayar kwandon albasa, Baba ya ɗaga masa hannu ya wuce. Idonsa ya sauka kan hannun Tanti, inda ta riƙe jakarta da yatsu uku, biyun suna miƙe. Ina jin bai taɓa ganinsu ba sai ranar.

"Wannan hannun," ya ce, bai ƙarasa ba.

"Buhunka ne."

"Wallahi ban san abin da aka zuba a ciki ba."

"Ranar farko ba ka sani ba. Rana ta biyu fa?"

Baba ya nemi buhun albasa ya zauna a kai, shi da ba ya bari kowa ya zauna a kan kaya. Ya cire hula ya riƙe. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"To ni, wa zai yafe mini?"

"Wannan wani ƙorafin ne daban, Alhaji," in ji Tanti. "Kwamiti yana zama ranar Alhamis bayan hutun rana. Yau na yayarka muka zo."

Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da mayafi. Baba ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Ku je. Gobe za ku ji."

"A gaban wa?"

"A inda na yi shiru."

Washegari, da aka shafa addu'a, muna cikin gida muka ji hayaniyar maza ta ɗauke. Muryar Baba ta tsallako katanga. Ya ce, "Malam, ranar jana'iza ka tambaye ni ban amsa ba. Jama'a ku shaida. Yayata gaskiya ta faɗa a kaina, ni kuma na riƙe ta a zuciya shekara tara. Na yafe mata duniya da lahira. Allah ya sa ita ma ta tafi da yafiyata a bakinta." Daga nan ya shigo cikin gida, mata suna janye ƙafa suna ba shi hanya. Ya tuɓe takalmi, ya shiga ɗakin Gwaggo, ya saki labule. Katifar ma an fitar, ba komai a ciki sai tabarma da akwatin ƙarfe. Ya daɗe bai fito ba, ba kuma wanda ya kira shi.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tambaye ni motar da ke bi ta ƙofar siton, don bai taɓa zuwa da kansa ba, direba yake aikawa. Ya dawo da la'asar, gashin algarara duk ya manne masa a hula da kafaɗa. Inna ta kawo masa ruwa, ta tsaya.

"Layi suka sa na bi," ya ce. "Mata huɗu a gabana. Ɗaya fanka ce ta lalace mata."

"Me suka ce maka?"

"Mai hannun ta ce yatsunta ba za su dawo ba, amma ta yafe. Na tashi zan tafi, sai suka ce in zauna, ba a gama ba." Ya kurɓi ruwan. "Wai safar hannu suke so, ta fata, kowace mace ƙafa biyu. Kuma duk buhun da zai fita daga shagona, ko ina za shi, sai an juya cikinsa an shinshina."

"Ka yarda?"

"Ke kin taɓa zama a gabansu?"

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabarinta, ya sanyaya hannayen nan da suka gaji. Kwana ukun da ta yi shiru, ya Ubangiji, bayinka sun yafe, kai ne mafi yafiya. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.